Mako biyu a Kanada: gabas za mu bi ko yamma?

Maman Fahad
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san Kanada. Ɗanmu zai kammala digirinsa a wata jami'a a lardin Ontario, za a yaye su a tsakiyar watan Yuni in Allah ya kai mu. Ni da Alhaji muna son mu halarta tare da autarmu mai shekara 12, kuma mako biyu kawai Alhaji zai iya barin kasuwa. Na ce tunda za a kashe kuɗin jirgi, kada mu je mu zauna a ɗaki mu dawo. Wuraren da nake son gani su ne magangarar ruwan Niagara, hasumiyar CN a Toronto, tafkin nan mai shuɗin ruwa na Banff, birnin Vancouver, da koren hasken nan da ke bayyana a sama da dare. Auta kuma ta dage sai ta ga farin beyar na ƙanƙara. Ta ina za mu fara? Daga Kano za mu tashi.

Anti Rabi Mississauga
Wa alaikumus salam Hajiya. Masha Allah! Allah ya sanya wa karatun albarka, ya sa a yi taro lafiya. Amma gaskiya wannan jerin ya fi ƙarfin mako biyu. Daga Toronto zuwa Vancouver kusan nisan Kano zuwa Jidda ne, awa 5 a jirgin sama, kuma in kin sauka sai kin mayar da agogo baya da awa 3. A jirgin ƙasa kwana huɗu ake yi a hanya. Faɗin ƙasar ya haura murabba'in kilomita miliyan 9.9, Rasha ce kaɗai ta fi ta.

Abu biyu ki cire tun yanzu. Koren hasken a Yellowknife aka fi zuwa ganinsa, can arewa, kuma sai dare ya yi duhu sosai yake fitowa. A watan Yuni daren can ba ya yin duhu. Lokacinsa daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Oktoba, sai kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Farin beyar kuma a Churchill ake ganinsa, a lardin Manitoba, cikin Oktoba da Nuwamba. Garin ko hanyar mota ba ta zuwa, sai jirgin sama ko jirgin ƙasa daga Winnipeg. Ki lallashi auta, akwai su a gidan zu na Toronto, ni da kaina zan kai ta.

Abu Hanan
Hajiya, kafin a kai ga tafki da beyar, a gama da biza, don ita ce ke karya wa mutane shiri. Yau ya kamata ku fara, ba gobe ba. Lokacin jira ba shi da tabbas, wani lokaci makonni, wani lokaci watanni, kuma shafin hukumar shige da ficensu ta IRCC yana nuna kimanin tsawonsa. Ta intanet ake cikewa. Kuɗin biza dalar Kanada 100 kowane mutum, ɗaukar hoton yatsu 85. Yaron da bai kai shekara 14 ba ba a ɗaukar yatsunsa, don haka ku uku 470 ke nan. Yatsun a Abuja ko Legas ake ɗauka, babu a Kano.

Abin da jami'in yake nema abu ɗaya ne: ya gamsu za ku dawo gida. Don haka ku haɗa takardar rajistar kasuwancin Alhaji, takardun haraji, bayanan asusun banki na wata shida, takardun gida, shaidar cewa auta tana makaranta, takardar jami'a mai nuna ranar bikin, kwafin izinin karatun Fahad da wasiƙar gayyata daga gare shi. Kada ku biya tikitin jirgi sai biza ta fito.

Sadiq KD
Yallaɓai, ni dai gani nake ta hannun ejan ya fi sauri. Akwai wanda na sani a Abuja da yake cewa yana da mutane a ciki, mako uku ya fitar maka.

Abu Hanan
Sadiq ƙanina, ba shi da kowa a ciki. Ofishin Abuja da na Legas karɓar yatsu da fasfo kawai suke yi, ba su ke yanke hukunci ba. Ɗan yayata ta hannun irin wannan ejan ɗin ya bi. Mutumin ya ga kuɗin asusunsa kaɗan ne, sai ya haɗa masa bayanan banki na ƙarya ba tare da ya gaya masa ba. Aka gano, aka hana shi biza, aka kuma haramta masa nema na shekara 5. Haka dokarsu take, kuma ba sa karɓar uzurin cewa wani ne ya cike maka, tunda da sunanka aka shigar. In dole sai an biya wani, lauya ko mai ba da shawara mai lasisin Kanada kawai doka ta yarda da shi. Fahad ɗan jami'a ne, shi ma zai iya zama da iyayensa ta waya su cike.

Wani abu kuma, Hajiya, kada wani ya ba ku shawarar ku ari kuɗi mai yawa ku zuba a asusu mako ɗaya kafin nema. Suna lura. Kuɗin da ake juyawa kullum a kasuwa ya fi musu daraja ko bai kai wancan yawa ba.

Maman Fahad
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa Fahad wannan. To idan an cire haske da beyar, saura Niagara, Toronto, Banff da Vancouver. Wannan zai yiwu?

Injiniya Calgary
Hajiya, ranki ya daɗe, ki cire Vancouver amma don Allah kada ki cire Banff. A Calgary nake aiki, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida can nake kai shi. Dogon gini akwai shi a Dubai, kanti akwai shi ko'ina, amma duwatsun nan sai nan. Daga Toronto awa 4 ne a jirgi zuwa Calgary, daga nan kilomita 130 a mota zuwa garin Banff. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Kanada, tun 1885.

Tafkin da kika gani a bidiyo ko dai Lake Louise ne ko Moraine. Mutane suna ɗauka gyaran hoto ne, ba haka ba ne. Ƙanƙarar da ta daskare a kan duwatsu tana saɓulowa a hankali tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta, garin dutsen ya bi ruwan narkewa ya shiga tafki, ya ƙi kwantawa. Shi ne idan rana ta haska yake ba da wannan launi tsakanin shuɗi da kore. Na taɓa yin alwala a bakin Lake Louise da sassafe cikin watan Yuli, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Kafin in kai ga wanke ƙafa yatsuna sun ƙage don sanyi. Ga dutse fari fat da ƙanƙara a gabana, ga inuwarsa kwance a cikin ruwa ko motsi babu. Wallahi mutum ba ya sanin lokacin da tasbihi ke fita daga bakinsa. Daga nan kuma akwai hanyar Icefields Parkway, kimanin kilomita 230 zuwa Jasper, inda ake tsayawa a taka ƙanƙarar Athabasca da ƙafa. Wanda ya zo Kanada bai ga wannan ba, ni a wurina bai ga Kanada ba.

Ɗan Damagaram
Injiniya, duk abin da ka faɗa a kan kyan wurin gaskiya ne, ba mai musu. Amma mu yi wa Hajiya lissafi. Kwana 14 ne. Biyu sun tafi a hanyar zuwa da komawa. Tsakanin Kano da Toronto akwai bambancin awa 5 a lokacin zafi, dattijo ba ya sauka yau ya fita yawo gobe, sai jiki ya saba. Ga ranar biki, ga ziyarar abokan Fahad da mutanen da suka riƙe shi, ga haɗa kayansa. Abin da zai rage bai wuce kwana takwas ba. In suka nufi yamma, yini biyu sun ƙare a filin jirgi da hanya, agogo ya sake canzawa da awa 2, kuma tikitin mutum huɗu za a saya har da Fahad, a lokacin da kowa ke tafiya hutu.

Ni shawarata su bi gabas a jirgin ƙasa na VIA Rail. Toronto zuwa Ottawa awa huɗu da rabi, Ottawa zuwa Montreal awa 2, Montreal zuwa birnin Kebek kamar awa 3. Ba layin binciken kaya, ba cire takalmi, Alhaji ya miƙe ƙafa yana kallon gonaki da koguna ta taga, kuma tashoshin Toronto, Montreal da Kebek a tsakiyar gari suke. A Ottawa ga majalisar dokoki, kodayake babban ginin tsakiya a rufe yake ana gyara tun 2019, ga mashigin ruwa na Rideau, kuma in aka haye kogi zuwa Gatineau akwai gidan tarihin Kanada, inda auta za ta ga dogayen gumakan itace da kayan mutanen asalin ƙasar, waɗanda ke nan tun kafin zuwan Turawa. Birnin Kebek kuwa Samuel de Champlain ya kafa shi a 1608, har yau ganuwarsa na nan tsaye, titunan dutse ne ƙanana, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. A bayan gari kaɗan akwai magangarar Montmorency, mita 83, ta fi Niagara tsayi da kusan mita 30.

Injiniya Calgary
Ɗan uwa, kai a Montreal kake, dole ka ja ruwa zuwa gonarka. Mutanen Kano ne, me za su ce wa mai Faransanci?

Ɗan Damagaram
Haka ne a can nake, kuma mu 'yan Nijar harshen ne ya kai yawancinmu can. Amma a Montreal kusan duk mai kanti da mai otal yana jin Turanci, haka ma tsohon garin Kebek inda baƙi ke zuwa. A fara da gaisuwa da Faransanci, sauran su ci gaba da Turanci. Kuma in sun iso ina nan, gidana gidansu ne.

Anti Rabi Mississauga
Ni ina bayan Ɗan Damagaram, kuma zan ƙara da abin da Injiniya bai faɗa ba. Tsakiyar Yuni ya yi wa Moraine wuri. Hanyar a farkon watan ake buɗe ta, kuma sau da yawa ruwan bai cika ba, launin da ake gani a hoto sai wajen ƙarshen wata zuwa Yuli. Tun 2023 kuma an hana motocin gida hawa can, sai motar hukumar gandun daji ta Parks Canada ko ta kamfanoni, kuma kujerun ana kama su tun da wuri. Otal a Banff a lokacin zafi tsadarsa ba a magana, shi ya sa mutane ke kwana a Canmore ko Calgary. Hajiya ba za ta iya kama komai ba sai biza ta fito. In ta fito a watan Mayu fa?

Injiniya Calgary
Maganar Moraine gaskiya ce Anti, na yarda. Amma Lake Louise yakan narke kafin lokacin, kuma masauki ba matsala ba ne, ina da ɗakin baƙi, ina da mota. Ni abin da nake gudu shi ne su dawo gida abin da suka gani duka gine-gine ne. Niagara ma rabin yini ya ishe ta. In ka ɗaga kai daga ruwan, garin duk gidajen caca ne da kiɗa da shagunan wasan yara.

Anti Rabi Mississauga
Garin haka yake, ban musa ba, unguwar Clifton Hill ba wurin Alhaji ba ce. Amma ruwan fa? Hajiya, daga Toronto kilomita 130 ne, akwai jirgin ƙasa na GO, akwai bas. Magangara uku ce a wurin, babbar ita ce mai siffar kofaton doki, tsayinta kusan mita 57, kuma daga gefen Kanada aka fi ganinta sosai. A Table Rock za ki tsaya daf da inda ruwan ke karyewa ya faɗa, kore shar kafin ya zama kumfa. Sannan ku shiga jirgin ruwan da ke kai mutane gindinta. Za a ba ku jar rigar leda, ki sa ta a kan hijabi ki ɗaure wuyan da kyau. Duk da haka za ki jiƙe. Idan jirgin ya shiga tsakiya, feshin ruwa yana dukan fuska har ido ba ya buɗuwa sosai, wanda ke kusa da ke yana magana bakinsa kawai kike gani yana motsi. Ki tafi da wani hijabin da safa a jaka, waya kuma a cikin leda. Ni na fi son ku kwana ɗaya a can, don da dare ana haska ruwan da fitilu masu launi, kuma da safe kafin cunkoso wurin wani abu ne daban.

Gargaɗi ɗaya: gadar Rainbow da za ku gani Amurka take shiga. Bizar Kanada ba ta aiki a can. Kada Alhaji ya ce bari a taka a ɗauki hoto daga ɗaya gefen.

Injiniya Calgary
Tunda an zo nan, bari in ƙara abin da ya shafi aikina. Ruwan da ake gani ba shi ne duka kogin ba. Akwai yarjejeniya tsakanin Kanada da Amurka tun 1950, wadda ta ce a lokacin baƙi, daga Afrilu zuwa Oktoba, da rana dole a bar wa magangarar aƙalla mita kubik 2,800 a kowace daƙiƙa. Da dare da lokacin sanyi ana iya rage shi zuwa rabi, sauran a karkatar zuwa tashoshin wutar lantarki. Don haka jirgin ruwan da rana shi ne ganinta da cikakken ƙarfinta. Tsohuwar tashar wutar da ke kusa an mayar da ita wurin ziyara, in Fahad ko auta na son injuna su leƙa.

Malam Habu
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina da magana ko ba za ta yi daɗi ba. Hajiya, kuɗin da za a kashe a otal da jirgin ƙasa don kallon ruwa da duwatsu, a wannan hali da ake ciki, bai fi kyau a je biki a dawo, ragowar a yi Umra ko a taimaki mabuƙata da shi ba? Ba hana ku nake ba, tunatarwa ce.

Maman Fahad
Malam, na gode da tunatarwa, kuma ban ji haushi ba. Alhamdu lillahi mun sauke farali, kuma haƙƙin mutane Alhaji ba ya wasa da shi. Yaron nan shekarunsa ke nan a ƙasar mutane, yana karatu yana aikin dare, bai taɓa fita yawo ba don kada ya ɗora mana nauyi. Ina son kafin ya shiga wata rayuwar mu zauna mu huɗu a wuri ɗaya, ba waya a tsakaninmu. Wannan ne asalin tafiyar, kallon ƙari ne.

Malam Habu
To madalla, wannan sada zumunci ne, Allah ya ba da lada. Kuma Allah da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta, a Suratul Ankabut aya ta 20. Sai dai a kula da salla, don na ji an ce lokutan can daban ne.

Anti Rabi Mississauga
Ƙwarai Malam. A ƙarshen Yuni a Toronto rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, isha'i ta wuce goma da rabi, asuba kuma kafin ƙarfe 4. A Calgary magariba kusan ƙarfe 10 ce. Barcin dare gajere ne, don haka a bar lokacin ƙailula a cikin shiri, kada a cika yini da yawo. Alƙibla kuma arewa maso gabas take daga nan, baƙi da yawa sai su fuskanci kudu maso gabas don haka taswira ke nuna musu. A bi manhajar waya ko a tambayi masallaci. Masallatai ba su da wuyar samu, ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kusa miliyan 1.8, kusan kashi 5 cikin ɗari. Abincin halal a Toronto, Mississauga, Ottawa da Montreal ko'ina akwai, har a manyan kantuna. A birnin Kebek ne zai ɗan yi ƙaranci, sai a nemi na Larabawan Magrib ko a ci kifi.

Malam Habu
To ga abin da ya sauƙaƙa. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ba yana ƙasaru. Garuruwan da za ku kwana ɗaya ko biyu duk ƙasaru ne. Inda za ku zauna don biki, in ya kai kwana huɗu, sai ku cika.

Maman Fahad
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ɗan Damagaram, wata ƙawata ta ce mini a Kebek an hana sa hijabi. Ni da auta duka muna sawa. Gaskiya ne?

Ɗan Damagaram
Hajiya, zan gaya miki yadda abin yake ba ƙari ba ragi. A 2019 lardin Kebek ya yi doka da ta hana wasu ma'aikatan gwamnati, irin malaman makarantun gwamnati, 'yan sanda da lauyoyin gwamnati, sa alamar addini a bakin aiki. Dokar ta cutar da 'yan uwanmu mata da yawa da suka karanta koyarwa, kuma har yau ana jayayya a kanta. Amma ba ta shafi mai tafiya a titi ko baƙo ba. Matata da hijabinta take shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum. Mai niƙabi ce za a iya cewa ta buɗe fuska inda ake buƙatar tantance ko wace ce.

Ba zan ɓoye miki ba kuma, a birnin Kebek ne wani ya shiga masallaci ranar 29 ga Janairu 2017 ya kashe mutum 6 bayan sallar isha'i, biyu daga cikinsu 'yan Gini ne. Abin ya girgiza ƙasar duka, dubban mutanen da ba Musulmi ba suka fito cikin sanyi suna jaje. Masallacin yana nan a unguwar Sainte-Foy ana salla. In tafiyarku ta dace da Juma'a, ku yi ta a can ku yi musu addu'a. Ni duk lokacin da na je garin sai na biya.

Dakta Ummi
Allah ya jiƙansu. Hajiya, nawa ɓangaren lafiya ne. Asibitin Kanada kyauta ne ga 'yan ƙasa da mazauna, ba ga baƙo ba. Kwana ɗaya a gadon asibiti zai iya cinye kuɗin tafiyar duka. Ku sayi inshorar lafiya ta tafiya kafin ku tashi, kuma in Alhaji na da hawan jini ko ciwon suga ku faɗa a takardar, don in aka ɓoye ba za su biya ba. Magunguna su zauna a kwalinsu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu, da ɗan ƙari ko jirgi zai yi jinkiri. A can ba a shiga kemis a ce a ba ni maganin hawan jini sai da takardar likitansu. A cikin jirgi kuma a riƙa tashi ana takawa, tafiyar doguwa ce.

Injiniya, maganar wutar daji fa? In akwai mai asma a gidan, hayaƙin lokacin zafi abin dubawa ne.

Injiniya Calgary
Haka ne Dakta. A watan Yulin 2024 wuta ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin Jasper, kuma wasu shekarun hayaƙi yakan rufe duwatsun har ba a ganinsu. Amma an fi samun haka a Yuli da Agusta, kuma a 2023 hayaƙin wutar Kebek ya rufe Ottawa da Montreal a watan Yuni, don haka ba yamma kaɗai ba ce.

Sadiq KD
Tambaya don Allah. In mutum ya shiga da irin wannan bizar, zai iya tsayawa ya nemi aiki?

Abu Hanan
A'a. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kuma sassaucin da aka yi lokacin korona na neman izinin aiki daga cikin ƙasar an soke shi a Agustan 2024. Yawanci wata 6 ake ba baƙo, jami'in filin jirgi ne ke da ta cewa, yana ma iya mayar da mutum ko da biza a fasfonsa. Duk wanda ya maƙale kuma yana ƙara wa na bayansa wahalar samu. In aiki kake so, akwai hanyoyinsa daban, a buɗe wata tattaunawar.

Maman Fahad
Fahad ya aiko da saƙo tun yanzu wai kilishi da dambun nama da man shanu.

Anti Rabi Mississauga
Kash, Hajiya, ki ba shi haƙuri. Nama kowane iri daga gida, busasshe ko soyayye, ba ya shiga, man shanu ma ki bar shi. Akwai karnuka masu shinshina jaka a filin jirgi, kuma tarar ƙin bayyana abinci tana kaiwa dala 1,300. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, garin kunu, ki ƙulle su da kyau ki rubuta sunan kowanne da Turanci, kuma ki amsa cewa kina ɗauke da abinci. In kin bayyana, mafi muni su karɓe abin da bai halatta ba su bar ki ki wuce. Kilishi akwai masu yi a nan da naman halal, zan haɗa shi da su. Kuɗi kuma in abin da ke hannunku ya kai dala 10,000 na Kanada dole a bayyana, ba laifi ba ne ɗauka, ɓoyewa ce laifi.

Ki gaya wa Alhaji farashin da ke jikin kaya ba shi za a biya ba. A Ontario ana ƙara harajin kashi 13 a wurin biya, a Kebek kusan 15. A gidan abinci kuma tukuicin mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20 ne, ana ɗaukarsa kamar haƙƙi. Otal suna son katin banki don ajiyar jingina, sai Fahad ya yi amfani da nasa. Ku sayi mahaɗin soket, nasu mai siraran baki biyu ne, wutar kuma volt 120 ce. Rigar sanyi mara nauyi ɗaya ta isa, Yuni ba sanyi sosai sai da dare a bakin ruwa.

Maman Fahad
Mun zauna da Alhaji mun karanta duka, mun kira Fahad. Gabas za mu bi. Bayan biki Toronto, mu hau hasumiyar CN, Anti Rabi ta kai auta gidan zu, sai kwana ɗaya a Niagara, sannan jirgin ƙasa zuwa Ottawa, Montreal da Kebek. Injiniya, ka yi haƙuri, Allah ya saka maka da alherin tayin masauki. Fahad ya ce shi zai zo maka a watan Yuli bayan mun tafi.

Injiniya Calgary
Babu komai Hajiya, lissafin Ɗan Damagaram ya fi nawa dacewa da mako biyu, duk da har yanzu ina ganin an bar mafi kyau. Fahad ya zo, ɗana ne. Ya kama kujerar motar Moraine da zarar ya tsayar da rana. Hasumiyar kuma ku hau da yamma, mita 553 ce, ku ga gari da tafkin Ontario da rana, ku jira a kunna fitilu. Akwai inda daɓen gilashi ne, auta za ta so shi.

Maman Fahad
Saura jirgi. In mun gama a Kebek sai mun koma Toronto mu tashi?

Abu Hanan
Ba dole ba ne. Babu jirgin da ke zuwa Kanada kai tsaye daga Najeriya, dole a yada zango. Daga Kano ku duba Ethiopian ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, da Qatar Airways ta Doha, duka suna sauka Toronto. Qatar tana tashi daga Montreal ma, haka Turkish in za ku iya saukowa Abuja. Ku nemi tikitin da zai sauke ku Toronto ya ɗauke ku daga Montreal, kun huta da awa 5 na komawa a jirgin ƙasa da kuɗin kwanan otal ɗaya. Duk tikitin da ya ratsa ta Amurka ku bar shi komai arharsa, don ko canjin jirgi ne sai da bizar Amurka.

Ɗan Damagaram
To ku fara da Kebek daga Ottawa, ku bar Montreal ta zama ta ƙarshe, manyan akwatuna ku sauke su wurina a kan hanya don jirgin ƙasa yana da iyakar kaya. Ranar tafiya ni zan kai ku filin jirgi. Hajiya, in biza ta fito ki sanar da mu a nan, sai a kama tikitin VIA nan take, don farashinsa yana hawa in rana ta matso.